Neman kwale-kwale na hannu a bakin Kogin Kaduna: wata tara na wani manomi

Asalin matsalar, kafin Yuli 2023

Manomin da wannan bayani ya shafa magidanci ne mai shekara hamsin da 'yan kai. Yana zaune a wajajen Rafin Guza, arewacin garin Kaduna, gonarsa kuma tana hayin kogi. Gadonta ya yi. Da damina yana shuka masara da kuɓewa da alayyafo a tudu, da rani ya gangara fadama ya yi tumatir da attaruhu da alayyafo da ɗan injin ban ruwa. Ni nake riƙe littafin adashin da yake ciki, shi ya sa na san shiga da fitar kuɗin da zan ambata. Sauran daga bakinsa na ji, wasu kuma a gabana aka yi.

Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa gari, ya wuce Shiroro da Zungeru, ya faɗa Kogin Neja a wajajen Pategi. Ga wanda gonarsa take hayi, halin kogin biyu ne. Daga tsakiyar hunturu zuwa bazara ruwa yana janyewa, yashi da duwatsu su fito, a wasu wuraren mutum ya naɗe wando ya tsallake. Daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba kuwa ba mai gwada haka. Sai dai fito, ko a zagaya ta gada, kuma gadar da ta fi kusa da shi tana cin wajen awa guda idan an haɗa da tafiyar ƙafa.

Shekara da shekaru yana biyan ɗan fito naira 100 kowane kai. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Kwale-kwalen ɗan fito ba ya shan mai, amma ɗan fito yana cin abinci, don haka fito ya koma naira 200, buhu kuma 300. Shi da 'ya'yansa biyu, zuwa da dawowa, naira 1,200 ke nan a rana, kwana shida a mako. A mako ashirin na cikar ruwa kuɗin ya kai naira 144,000, ban da na kaya. Abin da ya fi kuɗin damunsa shi ne lokaci. Ɗan fito ba ya fitowa sai rana ta ɗaga, mai ganye kuwa idan bai isa Kasuwar Kawo da sanyin safiya ba, sai ya sayar da alayyafon da ya yi yaushi a yadda aka taya.

Da ya kawo maganar sayen jirgin kansa, uwargidansa ba ta so ba. A watan Yunin shekarar ne jirgi ya kife da masu dawowa daga biki a yankin Pategi ta jihar Kwara, mutum sama da 100 suka rasu, kuma labarin yana cikin kunnen kowa. Ta yarda a kan sharaɗi biyu: ba tsallaka dare, ba ɗaukar fasinja.

Yuli zuwa Agusta 2023: kafinta, bakin ruwa da waya

A watan Yuli kwasar adashi ta zo kansa, naira 90,000. Ya fara zuwa wurin wani kafinta da ke haɗa jirage. Kwale-kwale mai tsawon ƙafa 18 da faɗin ƙafa 3, da katako mai kyau, kafinta ya ce naira 220,000, kuma farashin katako na yau ba shi ne na gobe ba. Ya haƙura da sabo, ya shiga neman na hannu.

Mako uku ya yi yana bin bakin kogi, daga unguwarsu zuwa wajajen Malali da Unguwar Rimi, har Kabala. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ce: yanzu ne jirgi yake ciyar da mai shi. Mutum biyu sun yanka masa kuɗin da ya kusa na sabo.

Babban ɗansa ya ce a duba a waya. A Facebook da shafukan saye da sayarwa sun ga jirage da yawa, kusan duka a Legas da Fatakwal, na faiba, masu injin. Sun kuma ga wani ɗan siririn jirgin roba da ake kira kayak, wanda mutum ɗaya yake zama a ciki ƙafafu a miƙe, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Farashinsa ya yi daidai da aljihunsu, ya kuma shiga ran yaron. Amma an yi shi ne domin yawon shan iska da wasanni, babu inda za a aza buhun masara, kuma irin robarsa idan ta sha rana shekaru takan yi rauni, kafinta ba ya iya yi mata faci.

Daga baya wani ya sa hoton kwale-kwalen katako, ya ce yana nan jihar Kaduna, naira 60,000, amma masu so da yawa, a tura kafin alƙalami. Suka tura naira 10,000. Washegari lambar ba ta shiga, har yau.

Satumba 2023: jirgin da aka saya a kan tudu

A farkon Satumba wani dillali ya zo masa da labarin jirgi a bayan wani gida, nesa kaɗan da ruwa. An kife shi a kan duwatsu, an shafe shi da sabuwar kwalta ciki da waje, yana ƙyalli. Dillali ya ce mai shi ya koma sana'ar acaɓa ne. Aka yi ciniki a naira 45,000, la'ada 3,000. Manomin ya zagaya shi sau biyu, ya bubbuga gefe da tafin hannu, ya biya. Bai nemi a sa shi a ruwa ba, domin sai an nemo majiya ƙarfi shida su ɗauka, kuma yana tsoron wani ya riga shi.

Ranar da aka saka shi a kogi, ruwa ya riƙa shigowa ta mahaɗar katako. Dillali ya ce haka kowane jirgi yake yi, a bar shi ya sha ruwa. Wannan maganar tana da gaskiya a cikinta, domin katakon da ya bushe a tudu yana tsukewa, idan ya jiƙa ya kumbura mahaɗa ta rufe. Aka bar shi kwana uku. A rana ta huɗu, ba kaya, ba kowa a ciki, ruwan da ya taru cikin awa guda ya cika jarka mai lita 25 sau biyu. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato jirgin yana ɗaukar nauyin buhun siminti na ruwa duk awa kafin a ɗora masa komai.

Wani tsohon ɗan fito da ya daina tuƙi saboda ciwon gwiwa, wanda yake wuni a gindin bishiya kusa da mashiga, shi ya ce a jawo masa jirgin. Ya zaro 'yar wuƙa ya kankare kwaltar a ƙasa, ya danna tsinin. Wuƙar ta shige kamar a cikin dafaffen rogo. Katako biyu cikin uku na ƙasan sun ruɓe, an cusa tsumma a ramukan an bi da kwalta. Ya kalli manomin ya ce, Malam, da ka tambaye ni, da shayi kawai za ka saya mini.

Aka kai magana gaban sarkin ruwa. Mai jirgin ya ce an gani aka saya. Sarkin ruwa ya ce an ga kwalta dai, ba a ga katako ba, kuma a shari'a wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya. Ya tuna musu hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Mutumin ya riga ya taɓa kuɗin. Aka daidaita ya karɓi jirginsa ya mayar da naira 30,000, kashi biyu, cikin wata guda. La'adar dillali ba ta dawo ba. Manomin ya ƙarasa daminar yana biyan fito.

Oktoba 2023 zuwa Janairu 2024: hanyoyin da aka duba aka bari

Wani abokinsa ya kawo shawarar a je Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, a sa masu walda su haɗa jirgin ƙarfe. Sun je, masu waldar sun ce za su iya. Tsohon ɗan fiton bai goyi baya ba. Ya ce ƙarfe yana tsatsa daga wajen walda, yana ƙona ƙafa da rana, kuma babban abin shi ne idan ya cika da ruwa ƙasa zai yi kai tsaye, alhali na katako ko ya kife yakan yi ta yawo a sama, mutum ya samu abin kamawa. Kuɗinsa ma bai gaza na sabon katako ba.

An ba shi labarin cewa jirage sun fi araha a wajajen Shiroro da Yawuri, inda maƙeran jirgi suke da yawa. Bai je ba. Halin tsaro a hanyar Shiroro bai ba shi ƙwarin gwiwa ba, kuma da ya tambayi direbobin a-kori-kura kuɗin ɗauko jirgi mai ƙafa 18 daga can, ya ga dakon ya kusa cinye sauƙin.

Madatsar Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi ta fi kusa, can ya je a watan Disamba, tafiyar ta ci naira 6,000. Ya samu masunta biyu da ke son sayarwa. Jiragensu lafiyayyu ne, amma ƙanana, an yi su domin mutum ɗaya da komarsa a ruwa mai kwanciya. Buhu biyu da mutum ɗaya sun ishe su. Ya dawo hannu rabbana, da naira 56,000 a ajiye.

Tsohon ya ce masa ya daina yawo, ya jira ruwa ya janye.

Fabrairu zuwa Maris 2024: jirgin mai yashi

A tsakiyar Fabrairu ya fara ɗiban tumatir, ya ƙara naira 50,000 a kan ajiyarsa. A lokacin kogi ya koma 'yan ƙoramu tsakanin yashi. 'Yan fito ba ciniki, masu ɗiban yashi da yawa sun koma lodawa da shebur daga busasshen wuri, jirage suna ɗaure a kududdufai. Azumi kuma yana ƙaratowa, kowa yana neman kuɗin hatsi da sukari.

Tsohon ne ya ji labarin wani mai yashi, ɗan ci-rani, da zai koma garinsu kafin azumi kuma ba shi da niyyar dawowa. Jirginsa ƙafa 19 ne, ya shekara huɗu yana aiki, ya yi baƙi, gefe ɗaya da facin kwano, ba abin sha'awa a ido. Yana cikin ruwa, kuma a cikin ruwan ya kwana tun da aka yi shi, in ban da ranakun gyara.

Binciken ya ɗauki kwana biyu, kuma ina wurin. Ranar farko tsohon ya sa aka kwarfe jirgin tas, aka goge shi da buhu, aka bar shi awa guda. Ruwan da ya taru bai cika gwangwanin madara biyu ba. Sannan aka jawo shi kan yashi aka kifar. Ya bi katakon ƙasa ɗaya bayan ɗaya da ƙotar wuƙa yana ƙwanƙwasawa. Ya ce lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake. Duk inda bai gamsu ba sai ya juya wuƙar ya danna tsini. Ya fi daɗewa a wuri uku: gaba, inda jirgi yake gogar yashi da dutse kullum, da kusurwar da ƙasa ta haɗu da gefe, da kewayen kan ƙusoshi, domin tsatsar ƙusa tana cin katakon da ke zagaye da ita har ƙusar ta riƙa lilo. A nan ya samu katako ɗaya na gaba da ya yi laushi tsawon kamu guda. Sauran wuƙa ba ta kama su ba. Ya kankare wani wuri ya ga jan itace, ya ce maɗaci ne, shi ya sa ya jure. Ya ce da malaina ce ko rimi, shekara huɗu ta yashi da tuni ta gama da shi.

Ya kuma sa mutum biyu su kama gaba da baya su murɗa. Jirgin da haƙarƙarinsa ya saki yakan yi ƙara ya karkace, wannan bai motsa ba. Facin kwanon da ya tsorata manomin kuwa yana sama da inda ruwa yake kaiwa, tsohon ya ce a bar shi.

Rana ta biyu aka mayar da shi ruwa, aka loda buhu shida na yashi, kowanne wajen kilo 50, manomin da ɗansa suka shiga. Nauyin ya haura kilo 400. Tsohon ya auna daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi, taƙi ɗaya da yatsu uku. Ya ɗauko gawayi ya ja layi a jikin jirgin, ya ce ranar da ruwa ya rufe wannan layin, a sauke buhu. Suka zagaya kududdufin rabin awa, ruwan da ya shigo ta katakon gaba ne kawai.

Sai ciniki. Mai jirgin ya ce 95,000. Manomin ya taya 55,000, aka ce albarka. Tsohon ya nuna katakon gaban ya faɗi abin da gyaransa zai ci, mai jirgin bai musa ba domin ya san da shi. Ya sallama a naira 70,000, da filafili biyu da gorar tuƙi. Kafin a ƙirga kuɗi an je wurin sarkin ruwa, ya tabbatar jirgin na mutumin ne kuma ba bashi a kansa, domin da rani ana kwance jirage da dare a sayar a wata mashigar. Na rubuta takarda, shaidu biyu suka sa hannu. Ranar 2 ga Maris ce, kwana tara kafin a ɗauki azumi.

Kafinta ya zo bakin ruwa ya yi aikin cikin kwana biyu. Katako ɗaya naira 9,000, farar ƙusa wadda ba ta saurin tsatsa 3,000, kwalta da auduga 4,000, ladan aiki 8,000. Ya cusa audugar a mahaɗa da bakin kurfi, ya bi da narkakkiyar kwalta, ya lulluɓe gaban da sililin kwano saboda gogar dutse. Sarƙa da kwaɗo suka ci 5,000. Ba a biya dako ba, da ruwan farko ya sauka aka tuƙo shi zuwa mashigarsu. Tsohon ya ƙi karɓar kuɗi, manomin ya kai masa kwandon tumatir da turmin atamfa na iyalinsa da sallah.

Damina 2024: yadda jirgin ya yi aiki

A watan Mayu uwargida ta ƙara sharaɗi na uku, ya sayo rigunan ceto biyu na hannu a naira 14,000. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe tana gargaɗi a kan abu uku da suke kashe mutane a kogunan Arewa, wato lodi fiye da ƙima da tafiyar dare da rashin rigar ceto. Su uku ne, riga biyu, yaran suke sawa. Na faɗa masa wannan bai yi ba, bai sayi ta ukun ba sai a watan Agusta.

Mako biyu na farko tsohon yana zaune a bakin ruwa yana koya wa yaran tuƙi da baki. Ba a nufar hayi kai tsaye idan ruwa yana gudu, ana haurawa sama ta gefe, sannan a karkata a bar ruwa ya sauko da jirgi daidai mashiga. Buhu a shimfiɗe a tsakiya, ba a tsaye ba. Ba mai miƙewa sai mai gora.

Daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Oktoba sun tsallaka kusan kullum bayan sallar asuba, da zarar gari ya yi haske. Ganye yana isa kasuwa da raɓarsa. A watan Satumba ruwa ya cika ya riƙa tafiya da itatuwa, suka yi kwana tara ba su taɓa jirgin ba, suka ja shi sama suka ɗaure a jikin bishiya. Kuɓewa ta tsufa a gona, an yi asararta. Sau ɗaya mahaɗa ta buɗe a baya, aka toshe da kwaltar naira 2,000. Maƙwabta sun nemi ya riƙa tsallakar da su a biya shi, ya ƙi, saboda alƙawarin da ya yi a gida, kuma ba ya son shiga abincin ɗan fito.

Jirgin da gyaransa da sarƙa da riguna biyu sun tashi naira 113,000. Abin da ya salwanta a hanya, tsakanin mai waya da jirgin farko da tafiyar Kangimi, naira 34,000 ne. Jimla 147,000, kusan daidai da kuɗin fiton damina ɗaya.

Abin da na gani a lamarin

Asarar farko da ta biyu tushensu ɗaya ne, a ganina. Ya fita nema a tsakiyar marka, lokacin da lafiyayyen jirgi yake kawo kuɗi kullum. Wanda zai sayar da araha a wannan lokacin, ko jirginsa ya mutu ko ba shi da jirgin ma. Matsin da yake ciki na biyan 1,200 a rana shi ya sa ya ga kamar kowane jinkiri asara ne, har ya biya 45,000 saboda gudun wahalar mutum shida. Da ya haƙura da damina ɗaya tun farko, fiton da zai biya shi ne dai wanda ya biya daga baya, kuma 34,000 ɗinsa tana aljihu.

Ba na ɗora masa laifin rashin sanin katako, manomi ne. Laifin da nake gani shi ne tsohon yana zaune a mashigar da yake bi kullum, suna gaisawa, bai tambaye shi ba sai da aka cuce shi. Dillali la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, ko jirgin ya yi ko bai yi ba. Tsohon kuwa a wannan mashigar zai ci gaba da zama yana kallon yaran suna tsallakawa.

Akwai kuma rabo a ciki, bai kamata a ɓoye ba. Ba kowace shekara ake samun ɗan ci-rani mai jirgin maɗaci da zai tafi gida kafin azumi ba. Da jirgin ya zo da ruɓaɓɓen katako uku maimakon ɗaya, gyaran zai kai inda gara a tara a yi sabo. Gwajin kwana biyun ne ya raba waɗannan biyun, kuma ba abin da ya ci sai wuƙa da gawayi da buhu shida na yashi.

Abin da ban gamsu da shi ba har yanzu shi ne ajiyar rani. Iskar hunturu tana busar da katako ta tsaga shi, ruwan da ya kwanta a ciki kuma yana ruɓar da shi. Tsohon ya ce a bar shi a kududdufi mai zurfi a ƙarƙashin inuwa, a riƙa kwarfe shi duk mako. A watan Janairun da ya biyo baya na bi ta wurin na tarar da shi rabi a ruwa rabi a yashi, rana tana dukan gefe ɗaya, mahaɗa biyu sun fara buɗe baki. Na yi masa magana, ya ce tumatir ne ya ɗauke masa hankali, ya aiki yaran da yamma suka tura shi cikin ruwa.